Goshin Zaki a Wuyan Kwat

A shekarar da aka yanke wa ma'aikata albashi sau biyu, sannan aka zo aka karya darajar sefa, babu irin abin da ido bai gani ba a unguwarmu Briqueterie. Na ga malamin makaranta yana tuƙa taksi da laƙataye a wuyansa. Na ga akuya ta shiga shagon mai hoto ta cinye takardar digirin wani, mai takardar yana tsaye bai ko kore ta ba. Masu boko suka sa wa zamanin suna lakiris, wato matsin tattalin arziki, mu ma muka ɗauka, har wata mata a layinmu ta kira kyanwarta da shi.

Ni baduku ne, Sule sunana. Ina ɗinka laya da guru da kube a wata rumfa kusa da masu tsire. A kan bencin rumfata Metir Abdulbaƙi ya yi shekara biyu yana zaune, Metir kuwa shi ne yadda ake kiran lauya a nan.

Shi ne ɗan layinmu na farko da ya karanta shari'a. Shekara goma sha huɗu ya yi a sashen dokoki na wata ma'aikata, rannan aka kira shi aka ce masa ya je gida ya ɗan huta. Ya zo ya huta. Kullum da hantsi zai fito a goge, ya zauna, ya karɓi tsofaffin jaridun da masu tsire ke naɗe nama da su, ya karanta kafin su yi maiƙo. A jikin irin wannan takarda ya ga sanarwar. Wata ƙungiyar Turawa mai kare daji da namun daji, mai ofis a unguwar Bastos, tana neman babban lauya. Sai wanda ya shekara goma a aiki. Akwai mota.

Ya karanta mini sau uku. Na ajiye basilla na ce, "To Metir, wa zai riƙa kawo maka ƙarar? Birin da kansa zai zo, ko aike zai yi?"

"Baba Sule, ba haka abin yake ba."

"In an kai shi kotu da me zai rantse? Kuma giwa ta wace ƙofa za ta shiga?"

Bai kula ni ba. Ni kuwa na yi kwana biyu ina wannan tunani, har na ɗinka wa wani laya a baibai. Na riƙa hango layin kunkuru da damo a ƙofar ofis, kowa da takardarsa a baki, akawu yana ce musu su dawo ranar Litinin.

Ya haɗa dosiye, wato tarin takardun neman aikin, ya kai. Mutum sittin da wani abu suka nema, aka tace aka bar uku, yana ciki. Tun daga ranar unguwa ta sa masa suna Lauyan Birai, amma a bayan idonsa kawai. A gabansa kowa ya koma gaishe shi da hannu biyu. Mai shayi yana da ƙane direba. Mai wanki yana da ɗa da ya iya gadi. Kafin a kira shi ganawa an riga an raba duk ayyukan ofishin, har da wanda zai riƙa ba furanni ruwa.

Shi ma ya canza. Ya daina cin naman da bai san sunan dabbarsa ba. Ya tsayar da wani mutum a titi ya yi masa wa'azi a kan aku da yake ɗauke da shi a keji. Abin da ya fi ba mutane mamaki, ya daina bi ta gaban shimfiɗar kawunsa.

Kawun nan shi ne Ɗanmalam, ƙanen mahaifiyarsa Hajiya Jaratu. Mai magani ne, shekara talatin yana shimfiɗa a bakin hanyar da ta nufi kasuwar Mokolo. A kan tabarmarsa akwai ƙahonni da ƙasusuwa da ƙayar beguwa da wani busasshen abu da yake cewa harshen kada ne. Amma abin da aka san shi da shi, wanda sojoji da 'yan kasuwa da masu neman kujera suke zuwa dominsa, shi ne fatar goshin zaki. Duk wanda zai tsaya gaban babban mutum, sai a yanka masa ɗan ƙyalle a ɗinke a laya, don kwarjini. Ni nake ɗinkewa.

Ana gobe ganawa, bayan azahar, Hajiya Jaratu ta shigo rumfata da ƙunshi a cikin mayafi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Sule, kwat ɗin wannan yaron ne. Yana zaton na kai guga."

Ta warware. Kwat ce baƙa ta gwanjo, daga Mokolo, ta ɗan matse shi a kafaɗa. A cikin aljihun akwai fata mai faɗin tafin hannu, ja-ja, da dogon gashi a gefe ɗaya.

Na ce, "Hajiya, ai ɗan tsinke ake sakawa."

"Ɗan tsinke na masu neman aikin masinja ne. Wannan gaban Baturiya zai tsaya. Kawunsa ya ce a saka duka, da gezar."

"Shi ya sani?"

"In ya sani zai fara kawo mini doka. Ni na haife shi ko doka?"

Na juya fatar a hannuna. Wanda ya yi shekara hamsin yana huda fata ba ya buƙatar a faɗa masa. Maraƙi ne, daga mayankar Etoudi, an jiƙa shi a ruwan lalle da ganyen shayi. Gezar kuwa ta rago ce, an manna da danƙo. Duk zakin da Ɗanmalam ya taɓa kawo mini haka yake. Bai taɓa faɗa ba, ban taɓa tambaya ba. Yakan miƙo ya ce, "Ga mai gida nan, a bi shi a hankali," ni kuma in ce, "Allah ya kiyaye mu da shi." Haka muka tsufa tare.

Na farke shafin kwat ɗin ta bayan wuya, na cusa fatar, na ɗinke. Zaren na zamanin lakiris ne, in ka yi masa tsawa ma sai ya tsinke. Shi ke gare ni.

Abin da ya faru a Bastos daga bakin mutum biyu na ji, Adamu maigadin ofishin, wanda ɗan unguwarmu ne kuma ya leƙa ta taga, sai shi Metir ɗin daga baya. Maganarsu ta zo ɗaya.

Shugabar ƙungiyar Baturiya ce doguwa, da tabarau rataye a wuya. Madam kowa yake ce mata. Ta zauna da wasu mutum biyu. Cikin masu neman aikin, na farko da aka kira ya yi karatu a Faransa, amma da aka tambaye shi dokar daji sai ya kama ba da labarin dusar ƙanƙara. Na biyu ya ce shi babban jami'i ne ya aiko shi, ya tsaya yana jira a ba shi makullin mota. Da aka zo kan Abdulbaƙi, duk tambayar da aka jefa sai ya cafe. Adamu ya ce har Madam ta ajiye biro ta harɗe hannu tana murmushi.

Daga ƙarshe ta ce, "Metir, ka ɗauka nan kotu ce, ga mai sayar da fatun namun daji an kamo. Yi mana jawabin da za ka yi."

Ya miƙe. Shekara biyu bai yi jawabi ba sai ga ni da masu tsire, abin ya taru masa a ciki. Ya yi maganar daji, ya yi maganar jikoki. Ya kira masu sayar da fata ɓarayin ƙasa. Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Duk wanda aka samu da ko gashi ɗaya na dabbar da doka ta kare, kada a ji tausayinsa, ko da ubana ne!"

A nan zarena ya ce ya gaji. Adamu ya ce ya ji ƙarar har waje. Gezar ta fito ta bayan wuya ta miƙe tsaye, kamar ta zakaran da zai yi faɗa. Shi bai sani ba, ya ci gaba. Madam ta ɗora tabarau a hanci, ta taso, ta zagaya bayansa, ta kama da yatsa biyu ta ja. Ta yi ta ja har tafin hannun nan ya fito duka.

"Mene ne wannan?"

Ya duba, ya gane, don a gindin tabarmar nan ya girma. Ya ce, "Madam, maraƙi ne."

"Maraƙi mai geza?"

"Gezar ta rago ce."

"Me ya sa mutum zai ɗinka maraƙi da rago a wuyan kwat ɗinsa?"

"Don a zaci zaki ne."

"Wa zai zata, tunda a ɓoye yake?"

Wannan tambaya ni ma na jima ina juya ta, ban samu amsa ba har yau.

Suna da wani saurayin Bature masanin zakuna. Aka kira shi, ya shinshina, ya duba da madubi, ya ce sai an aika Turai, wata shida. Madam ta ce ba ta da wata shida. Ta ce Metir ne ya fi kowa, kuma tana son ta ɗauke shi. In wanda ya sayar da fatar ya sa hannu a takarda cewa ba zaki ba ne, magana ta ƙare, ranar Litinin ya kama aiki.

Da la'asar sakaliya ya iso rumfata, kwat a hannu, bai ko yi sallama ba. Ya dube ni, na dubi basilla. Ya wuce wurin kawunsa, na bi bayansa don kada a yi abin kunya.

Ɗanmalam yana naɗe tabarma. Ya ce, "A'a, yau Lauyan Birai ya tuna hanya?"

"Kawu, ka kashe ni."

"Ni da na ba ka na wajen goshi sosai, wanda ko kanar ban ba shi ba?"

"Kawu, mu uku ne nan. Ni na sha ɗauko maka shi daga Etoudi a bokiti."

Ɗanmalam ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya rage murya. "To ka faɗa da ƙarfi mana, a ji a masallaci."

Metir ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi da wandon boko ba. Ya yi masa bayanin takardar. Layi biyu ce, ba mai gani sai Madam, za a saka a durowa a kulle. Ya ce 'ya'yansa biyu an koro su daga makaranta. Ya ce in wannan ta wuce shi, ba ya jin akwai wata.

Tsohon ya ci gaba da tauna goro. Can ya ce, "Ɗan Yaya ne kai. Kawo takardar gobe, in dangwala a cikin zaure. Amma a cikin zaure."

Da a zauren aka yi, da yanzu ina ba ku labarin mota. Amma Madam ta ce ita da kanta za ta zo, don tana son ta ga mutanen gari. Kuma ta zaɓi Juma'a, daidai an sauko daga masallaci.

Farar jif ta shigo layin tana ture masu tallan lemo, da hoton biri a jikin ƙofa. Madam ta fito, saurayin masanin zakuna ya fito da kyamara a wuya, don suna da wata mujalla da suke aika wa masu ba su taimako. Kafin ta rufe ƙofa an kewaye shimfiɗar. Direbobin taksi, masu tsire da wuƙaƙensu, teloli da tef a wuya, wani saja da ya sayi goshin zaki wata biyu da suka wuce yana jiran ƙarin girma. Hajiya Jaratu ta tsaya a gefe da carbi.

Metir ya ce, "Madam, mu shiga zaure."

Ta ce, "A'a, nan ya fi haske."

Ta ɗaga fatar sama yadda kowa zai gani, ta ce ya tambayi kawunsa ko wannan zaki ne. Ba sai an fassara ba, duk wurin ana jin Faransanci. Metir dai ya fassara, murya ƙasa-ƙasa. Ya miƙa takarda da tawadar dangwale.

Na ga idon Ɗanmalam. Ya dubi takardar. Ya dubi ɗan yayarsa. Sannan ya dubi sajan, wanda ya sa hannu ya dafe damtsensa, daidai inda kambun yake. A bayan sajan akwai mutum kusan ashirin, kowa ya dafe wani wuri a jikinsa, wani ƙugu, wani ƙirji, wani hula. Duk ɗinkina ne.

Wani direba ya ce, "Ɗanmalam, faɗa mata mana. Me muke ɗaure da shi?"

Tsohon ya gyara zama, ya tofar da goro. Ya ce, "Zaki ne."

"Kawu!"

"Zaki ne, ɗan zaki, jikan zaki! Kakana ya kashe shi da mashi a dajin arewa, ya ci mutum bakwai da jaki. Ki shinshina, Madam. Kare ya taɓa bi ta gaban tabarmar nan? Ku faɗa mata!"

Jama'a suka ɗauka, "Bai taɓa ba!" Akwai kare kwance a ƙarƙashin jif ɗin, amma ba wanda ya dubi wajen.

"Kawu, jiya ka ce..."

"Jiya na ce me? Ni zan dangwala hannu in ce shekara talatin ina sayar wa Musulmi saniya? Ka nemi aikin biranka da takardunka, kada ka nema da sunana."

Metir ya juyo yana neman wani da ido, ya same ni. Ya ce, "Ga baduku nan. Baba Sule, kai ka san fata. Don Allah faɗa mata."

Duk aka juyo. Na dubi jama'ar. Ashirin ɗin nan da suka dafe jikinsu, ni ma a layin nan nake kwana, kuma daga hannunsu nake ci. Na ce, "Ni ɗinki nake yi, Metir. Abin da aka miƙo mini nake ɗinkewa."

Na faɗa muku yadda aka yi, ban rage nawa ba.

Madam ta yi ja har kunne. Ta ce to shi ke nan, tunda ya amsa da bakinsa gaban shaidu, za ta kai maganar ga hukuma, a kwashe tabarmar, a kama mai ita. Saurayin ya fara ɗaukar hoto. Ɗanmalam ya ji an ambaci kamu, amma bakin bai fasa ba, yana ta ƙara wa zakin tsawo.

Hajiya Jaratu ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ɗanta, "Kai. Kana tsaye za a tafi da ƙanena?"

"Hajiya, in na buɗe baki aikin ya tafi."

"Na ji. Kana tsaye?"

Ya rufe ido kamar mai jin ciwon haƙori. Da ya buɗe, sai ya gyara tsayuwa, ya juya ga Madam, ya fara. Ban taɓa jin Faransanci irin na ranar ba. Ya ce wanda ake zargi ya bayyana cewa kakansa ne ya kashe dabbar, tun ba a yi dokar ba, tun ba a yi ƙasar ba ma. Ya kawo sashe kaza da sakin layi kaza, lambobin ban riƙe ba. Ya ce kayan gado ne. Ya ce ita ba 'yar sanda ba ce, ba ta da ikon riƙe fatar mutum, kuma hoton da aka ɗauka ba da izini ba shi ma magana ce. Ya miƙa hannu, ta saka masa fatar a ciki kamar wadda aka yi wa asiri.

Ta ce, "Jiya ka ce mini maraƙi ne."

"Jiya ina neman aiki, Madam. Yau ina da wanda nake karewa."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ban taɓa ganin lauyan da ya kai ka ba a ƙasar nan." Ta shiga mota. Jama'a suka yi ta tafi da sowa, aka ɗaga Ɗanmalam sama, hularsa ta faɗi a kwata. Ba wanda ya ɗaga Metir.

Ranar Talata Adamu ya kawo wasiƙa. Sun gode, sun yaba, suna masa fatan alheri. Mai labarin dusar ƙanƙara aka ɗauka. Mai shayi da mai wanki suka koma gaishe shi da hannu ɗaya. Hajiya ta ce laifin zarena ne, ta yi wata uku ba ta amsa sallamata, kuma ban ce ba ta da gaskiya ba.

Ɗanmalam kuwa sai da ya ƙara tabarma. Labari ya kai unguwar Madagascar, ya kai har bayan gari, cewa Turawa sun zo da mota da masani sun tabbatar, har sun so su ƙwace. Lakiris ta cika gari da masu neman aiki, kowa kuma yana son ya tsaya gaban babban mutum. Sau biyu a mako yanzu ake zuwa Etoudi da bokiti.

Metir bai koma bencina ba. Ya samo tsohon tafireta ya kafa tebur a gefen tabarmar kawunsa, yana buga wa mutane takardun neman aiki. In ya gama sai su matsa taku biyu su sayi goshi, su ƙaraso wurina a ɗinke. Shi da kawun ba sa magana sai gaisuwa.

Rannan ina wucewa na ji wani saurayi mai digiri biyu ya sunkuya yana tambayarsa a hankali, "Metir, tsakaninka da Allah, kai da ka yi boko. Zakin gaske ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni dai na rasa aiki a kansa. Sunan mahaifinka za a fara sakawa ko naka?"